Bentonville: Yadda wani ƙaramin gari ya zama ma'ajiyar zane-zanen Amurka

Duk wanda ya ƙudurta zuwa Amurka domin ganin fitattun zane-zanen ƙasar, da wuya jihar Arkansas ta faɗo masa a rai. New York zai fara tunawa, ko Washington, ko Chicago, inda manyan gidajen adana kayan fasaha suka daɗe da kafuwa. Amma can a kusurwar arewa maso yammacin Arkansas, cikin tuddan Ozark, akwai wani gari mai suna Bentonville, wanda ƙidayar shekarar 2010 ta nuna mazaunansa ba su wuce 35,000 da 'yan kai ba. A wannan gari ne aka buɗe gidan adana zane-zane na Crystal Bridges ranar 11 ga Nuwamba, 2011, kuma tun daga wannan rana ba a karɓar ko sisi a hannun mai son shiga ya ga abin da gidan ya mallaka.

Mace ɗaya ce ta kafa shi, wato Alice Walton, 'yar autar Sam Walton, mutumin da ya assasa kamfanin kantuna na Walmart. Na nufi garin ɗauke da tambayar da za ta zo wa duk wanda ya taɓa halartar ƙaddamar da katafaren gini cikin kiɗa da jawabai, sannan ya koma bayan shekara biyar ya tarar rufin na yoyo: me ke riƙe da wannan wuri, kuma su wa suka biya farashinsa?

Daga dandalin gari zuwa cikin kwari

Filin jirgin saman yankin yana tsakiyar gonaki da makiyaya, kuma daga nan zuwa cikin gari bai kai tafiyar rabin sa'a a mota ba. A hanya mutum zai riƙa wuce dogayen rumfunan kiwo, domin wannan yanki na cikin wuraren da suka yi suna wajen samar da kaji a Amurka. Tsakiyar Bentonville wani dandali ne mai ciyawa da inuwar itatuwa. Ginin kotun gunduma na fuskantarsa ta gefe guda, ta ɗaya gefen kuma ga ɗan kantin da Sam Walton ya buɗe a 1950 yana sayar da ƙananan kayan masarufi masu araha. Daga wannan kanti harka ta bunƙasa, har ya buɗe Walmart na farko a garin Rogers da ke maƙwabtaka a 1962. Har gobe hedikwatar kamfanin tana Bentonville, kuma ita ce babban dalilin da ya sa mazauna garin suka haura 54,000 a ƙidayar 2020.

Mai sha'awar tattaki zai iya tashi daga dandalin ya bi wata siririyar hanya ta cikin kurmi har ya isa gidan a ƙafa. Ni ta babbar ƙofa na bi. Abin da ya fara tarye ni wata itaciya ce ta farin ƙarfe mai ƙyalli, ba ta da ganye ko ɗaya, wadda mai sassaƙa Roxy Paine ya ƙera. Na waiga dama da hagu ina neman ginin da aka yi ta ba ni labari, ban gan shi ba. Sai da na shiga lif ya yi ƙasa da ni, sannan na fahimci cewa gidan a cikin kwari yake kwance, ƙasa da titi, itatuwa sun kewaye shi.

Moshe Safdie ne ya tsara ginin, masanin gine-ginen nan da ya zana rukunin gidaje na Habitat 67 a Montreal da otal ɗin Marina Bay Sands a Singapore. Wani rafi ke ratsa kwarin, kuma kusa da shi akwai maɓuɓɓugar ruwa mai suna Crystal Spring. Safdie ya ɗora gine-gine biyu a kan rafin kamar gadoji, suka tare ruwan ya taru ya zama tafkuna biyu. Daga maɓuɓɓugar da waɗannan gadoji gidan ya samo sunansa. Gada ɗaya ɗakin cin abinci ce, ɗaya kuma ɗakin baje zane-zane. Rufin ya lanƙwasa kamar bayan kunkuru, cikinsa katako ne na itatuwan yankin, bayansa kuwa jan ƙarfe. Saboda bangayen gilashi, mai ziyara ba ya daɗewa a cikin ɗaki bai sake haɗa ido da ruwa da kurmi ba.

Filin, mai faɗin eka 120 a lokacin da aka buɗe gidan, na iyalin Walton ne tun asali, kuma a cikinsa Alice ta yi wasan ƙuruciya. Ta sha ba da labarin yadda ita da mahaifiyarta Helen suke zanen fentin ruwa idan iyalin sun fita yawon shaƙatawa, da yadda hoton farko da ta saya, tana 'yar kimanin shekara goma, kwafi ne na wani zanen Picasso daga kantin mahaifinta. A wancan zamani, yaron Bentonville da ke son ganin zane na asali daga hannun wani gwani sai an yi doguwar tafiya da shi a mota zuwa Tulsa ko Kansas City.

Tarihin ƙasa a jikin bango

An jera ɗakunan ne bisa zamani, daga lokacin mulkin mallakar Ingila zuwa yau, ta yadda mai tafiya a ciki tamkar yana bin tarihin ƙasar ne shafi bayan shafi. A ɗakunan farko akwai George Washington, shugaban Amurka na farko, a zane biyu: na Charles Willson Peale, wanda ya nuna shi cikin kayan soja, da na Gilbert Stuart na 1797, wanda ya nuna shi dattijo a zaune. Gidan kuma ya mallaki wani aiki na wannan zamani, na Nari Ward, haifaffen Jamaika, wanda ya rubuta kalmomi uku na farkon kundin tsarin mulkin Amurka, masu ma'anar "mu jama'a", da igiyoyin ɗaure takalmi masu lilo daga bango. Igiyar takalmi abu ce ta kowa, mai kuɗi da talaka. Idan mutum ya ga wannan aiki sannan ya dubi fuskar Washington, wanda ya rayu ya mutu yana da bayi, dole ya tambayi kansa su wa aka nufa da "jama'a" a 1787.

Zanen da ya fi tsayar da ni ƙarami ne, wataƙila don aikina na tace labarai ne ya ja ni gare shi. Richard Caton Woodville ya zana shi a 1848, kan labarin yaƙin Amurka da Mexico. Wasu maza fararen fata sun taru a barandar wani masauki, na tsakiyarsu ya buɗe jarida, ya zare ido, baki a buɗe, sauran sun miƙo wuya suna saurare. Wannan yaƙi ne ya kawo wa Amurka California da faffaɗar ƙasar da ke kudu maso yammacinta a yau. A ƙasan matakalar barandar, can gefen dama, wani baƙar fata na zaune, wata yarinya baƙa cikin tsumma na tsaye kusa da shi. Wata mace kuma ta leƙo ta taga daga gefe. Babbar muhawarar da ta biyo bayan yaƙin ita ce ko za a halatta bauta a sababbin yankunan da aka ci, saboda haka labarin da ke cikin jaridar ya fi shafar waɗannan biyu na ƙasan matakala fiye da kowa, amma ba wanda ya juyo ya dube su.

Wannan batu ba baƙo ba ne a Arkansas. Jihar ta shiga tarayyar Amurka a 1836 da halaccin bauta, ta kuma ɓalle tare da jihohin kudu a 1861. Mutum-mutumin sojan 'yan awaren kudu ya tsaya a tsakiyar dandalin Bentonville tun daga 1908, sai a watan Satumbar 2020 aka ɗauke shi. Ta cikin wannan gunduma kuma aka ratsa da dubban 'yan ƙabilar Cherokee a 1838 da 1839, lokacin da gwamnati ta tashe su daga ƙasarsu ta gado ta kora su yamma, a tafiyar da ake kira Tafarkin Hawaye saboda yawan waɗanda suka mutu a hanya. Gidan bai kau da kai daga wannan ba. Yana da zanen Titus Kaphar na 2017, wanda ya nuna Shugaba Andrew Jackson, mai sa hannu a dokar korar ta 1830, a kan doki, an yayyaga ƙyalle an kafe shi a jikinsa da ƙusoshi masu tsatsa.

Gaba kaɗan sai ga wanda Amurkawa suka fi cincirindo a gabansa, wato Rosie the Riveter na Norman Rockwell, wanda ya fito a bangon mujallar Saturday Evening Post ranar 29 ga Mayu, 1943. Wata ƙaƙƙarfar ma'aikaciyar masana'anta ce a lokacin hutun cin abinci, burodi a hannu, na'urar buga ƙusoshin ƙarfe a cinya, ta take littafin Hitler da ƙafa. Zanen ya zama alamar miliyoyin matan da suka riƙe masana'antu sa'ad da maza suka tafi Yaƙin Duniya na Biyu. A ɗakunan ƙarshe kuwa akwai Our Town na Kerry James Marshall, na 1995: yaro a kan keke, yarinya na gudu a gefensa, bayansu fararen gidaje na unguwar masu hali. Marshall yakan zana fatar mutanensa baƙa ƙirin da gangan, domin ya sanya baƙar fata a tsakiyar irin hotunan da aka saba barin sa a gefe. Tsakanin yarinyar Woodville mai tsumma da waɗannan yara biyu akwai shekara 147, amma a nan tafiyar 'yan mintoci ce kawai ta raba su.

Kowane zane daga bangon wani aka ciro shi

Manyan gidajen adana zane na gabashin Amurka sun tara kayansu ne cikin shekaru masu yawa. Alice Walton ta tara nata cikin 'yan shekaru, kuma tsoffin zane-zane masu daraja ba a sake yin su. Duk wanda ya zo Bentonville, wani wuri ne ya rasa shi.

Wanda ya fara tayar da ƙura shi ne Kindred Spirits, wanda Asher B. Durand ya zana a 1849. Ya nuna aminai biyu, mai zane Thomas Cole da mawallafin waƙoƙi William Cullen Bryant, tsaye a kan wani dutse da ya leƙa cikin kwazazzabo a tsaunukan Catskill. An yi shi ne don tunawa da Cole, wanda ya rasu shekara guda kafin nan. 'Yar Bryant ta ba da shi kyauta ga babban ɗakin karatu na birnin New York a 1904, ya zauna a can shekara ɗari da ɗaya. A 2005 ɗakin karatun ya sa shi a kasuwa domin ya ƙara kuɗin asusunsa na sayen littattafai. Aka yi tayi a rufe, manyan gidaje biyu, Metropolitan na New York da National Gallery na Washington, suka haɗa ƙarfi, amma tayin Walton, wanda rahotanni suka ce ya kai kimanin dala miliyan 35, ya rinjaye su. Jaridun New York suka cika da kuka cewa an raba birnin da gadonsa. Zanen Washington na Stuart ma daga wannan ɗakin karatu ya fito a wannan shekara.

A Philadelphia labarin ya sha bamban. A watan Nuwambar 2006, Jami'ar Thomas Jefferson ta amince ta sayar da The Gross Clinic, zanen Thomas Eakins na 1875 da ke nuna wani babban likita yana fiɗa a gaban ɗalibansa, kan dala miliyan 68, ga Crystal Bridges da National Gallery a haɗe. Aka ba cibiyoyin birnin kwana 45 su kawo daidai wannan kuɗi. Mutanen Philadelphia suka tashi haiƙan, attajirai da talakawa suka yi karo-karo, gidajen adana zane biyu na birnin suka ci bashi, suka kuma sayar da wasu kayansu, zanen ya zauna a gida. Ba don barazanar rabuwa da shi ba, da wuya a ce da yawa daga cikin masu ba da gudummawar sun taɓa taka ƙafa zuwa ganinsa.

Mafi sarƙaƙiya shi ne na Jami'ar Fisk da ke Nashville a jihar Tennessee, wadda aka kafa a 1866 domin ilimantar da 'yantattun bayi. A 1949 mai zane Georgia O'Keeffe ta ba jami'ar kyautar ayyuka 101 daga tarin mijinta marigayi Alfred Stieglitz, bisa sharaɗin kada a sayar, kada a rarraba. Da talauci ya ci ƙarfin jami'ar, ta nemi ta mayar da wani ɓangare na kyautar kuɗi. Aka shafe kimanin shekara bakwai ana shari'a, babban lauyan gwamnatin jihar na cikin masu adawa, kafin a kammala yarjejeniya a 2012: Crystal Bridges ya biya dala miliyan 30 ya mallaki rabi, kayan kuma su riƙa yin shekara biyu a Nashville, shekara biyu a Bentonville. Masu goyon baya sun ce kuɗin ya taimaka wajen hana jami'ar durƙushewa. Masu suka sun ce an jira makarantar baƙaƙen fata ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi ne aka raba ta da rabin dukiyarta. Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya.

Hujjar da Walton da magoya bayanta suka tsaya a kai ita ce, zane-zanen ba su shiga falon wani attajiri sun ɓace ba. Suna rataye a inda kowa zai gan su kyauta, a yankin da a da ba shi da irinsu. Wanda ya ce zanen Durand ya fi dacewa da New York, sai ya amsa tambayar ko ɗan manomin Arkansas bai da haƙƙi a tarihin ƙasarsa kamar yadda ɗan Manhattan yake da shi.

Waƙafi kafin a yanke ƙyalle

Amsar tambayata ta farko, wato abin da ke riƙe da gidan, ba a jikin bango take ba. A watan Mayun 2011, wata shida kafin buɗewa, gidauniyar iyalin Walton ta sanar da waƙafin dala miliyan 800, ta kuma kasa shi uku: miliyan 350 don tafiyar da gidan, miliyan 325 don sayen sababbin ayyuka, miliyan 125 don gyara da faɗaɗa gini. Ba a cinye uwar kuɗin. Ana juya ta ne a kasuwar hannun jari, ribar da ta haifa ake kashewa kowace shekara. Albashin masu gadi da na ƙwararrun masu kula da zane, da kuɗin na'urorin da ke daidaita sanyi da laima dare da rana don kada fenti ya tsattsage, duk an tanadi mafitarsu tun kafin baƙo na farko ya shigo. Kamfanin Walmart kuma ya ba da dala miliyan 20 domin ɗauke wa jama'a kuɗin shiga. Sai dai wasu nune-nune na musamman da ake kawowa na ɗan lokaci, su akan sayi tikiti.

Kaso mafi girma a cikin ukun shi ne na tafiyar da gida, kuma shi ne wanda ba a ɗaukar hotonsa. Ma'aikacin da ya taɓa zaman kare kasafin kuɗi ya san yadda sabon gini ke samun masu goyon baya nan take, alhali kuɗin kula da tsoho sai an yi ta roƙo.

Tambaya ta biyu, ta waɗanda suka biya, ta fi wuyar amsawa. Gwamnatin jiha ta sa hannu ta hanyar da ba a cika lura da ita ba: a 2005 majalisar dokokin Arkansas ta yi dokar da ta yafe wa manyan gidajen adana kayan fasaha irin wannan harajin sayayya a kan zane-zanen da suka saya. Kuɗin da aka yafe na baitulmalin jama'a ne, a jihar da ke cikin mafi ƙarancin samu a Amurka. Sannan akwai tushen dukiyar kanta. Tun a makonnin farko na buɗewa, marubuci Jeffrey Goldberg ya yi kakkausar suka cewa an gina gidan ne da ribar kamfanin da ke biyan ma'aikatansa albashi ƙanƙane. A 2020 kuma ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto da ya nuna Walmart na sahun gaba cikin kamfanonin da ma'aikatansu ke karɓar tallafin abinci da na magani daga gwamnati, a jihohin da aka bincika. Mai kare gidan zai ce kuɗin na iyali ne da gidauniyarsu, kuma da yawa daga cikin manyan gidajen adana zane na Amurka da dukiyar masu ƙarfe da man fetur da banki aka kafa su, waɗanda su ma ba a yabe su da tausayin leburori ba. Wannan gaskiya ne, amma bai goge tambayar ba. Mai karɓar kuɗi a kantin Walmart na iya shiga Crystal Bridges kyauta ranar hutunta, kuma tana da damar ta yi tunanin cewa da guminta a cikin abin da take kallo.

Abin da yara suka ɗauka

Ko gidan yana da amfanin da za a iya aunawa? A nan an yi sa'a, domin an auna. A shekararsa ta farko mutum sama da 600,000 suka ziyarce shi, adadin da ya ninka yawan mutanen garin sau goma sha wani abu. Wata gidauniya ta yankin, ta Willard da Pat Walker, ta ba da dala miliyan 10 domin ziyarar makarantu, kuɗin da ke biyan motar ɗaukar yara da abincin rana, har da ladan malamin da zai riƙe aji a madadin wanda ya raka su. Makarantun da suka nema sun fi ƙarfin guraben da ake da su, don haka aka koma jefa ƙuri'a.

Masu bincike uku daga Jami'ar Arkansas, Jay Greene da Brian Kisida da Daniel Bowen, suka ga dama ta samu. Tunda ƙuri'a ce ta raba waɗanda suka je da waɗanda aka ɗage wa zuwa, duk bambancin da aka gani tsakaninsu daga baya ana iya jingina shi ga ziyarar. Suka gwada ɗalibai kusan 11,000 daga makarantu 123, suka wallafa sakamakon a 2013. Yaran da suka yi zagayen kimanin sa'a guda a gidan sun fi takwarorinsu iya duban zanen da ba su taɓa gani ba su fayyace abin da ke cikinsa. Sun fi su iya sanya kansu a matsayin mutanen wani zamani, sun kuma fi su haƙuri da ra'ayin da ya saɓa wa nasu. Tasirin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba a wajen yaran karkara da na makarantun talakawa, waɗanda akasarinsu wannan ne karo na farko da suka shiga irin wannan wuri. An kuma raba wa dukkan yaran takardar gayyata ta dawowa da iyayensu, sai aka ga waɗanda suka riga suka je sun fi dawowa da kashi 18 cikin 100.

Na ga irin waɗannan yara da idona. Wani aji na 'yan firamare ya zauna dirshan a ƙasa gaban wani zane, mai yi musu jagora ba ta faɗa musu sunan mai zanen ko shekararsa ba, sai tambayarsu take yi me suka gani, me ya sa suka ce haka. Hannuwa na ta tashi sama. Wani yaro ya hango wani abu a kusurwar zanen da ni kaina, da na daɗe a tsaye, ban lura da shi ba.

Gidan da aka ɗauko daga bakin kogi

Kafin in fita na bi hanyar kurmi zuwa wani ɗan gida na bulon kankare da katako da gilashi, mai suna Bachman-Wilson. Frank Lloyd Wright, wanda ake ɗauka babban gwanin gine-ginen Amurka, shi ya zana shi a 1954, aka gina shi a bakin kogin Millstone a jihar New Jersey. Ambaliya ta yi ta shiga cikinsa, har masu shi suka yanke shawarar cewa ba zai tsira ba sai an raba shi da wurin. Crystal Bridges ya saye shi, aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka yi wa kowane katako lamba, aka yi tafiyar kusan kilomita 2,000 da shi a manyan motoci, aka sake haɗa shi a nan, aka buɗe shi ga jama'a a 2015. Shi kam ba wanda ya yi kukan an ƙwace masa, domin da an bar shi da ruwa ya cinye.

Aikin bai tsaya a kwarin ba. A 2017 Walton ta kafa gidauniyar Art Bridges, wadda ke ba ƙananan gidajen adana zane a faɗin Amurka aron ayyuka tare da ɗaukar nauyin kai su, wani abu mai kama da mayar da biki ga waɗanda suka zarge ta da tattare komai wuri guda. A watan Fabrairun 2020 aka buɗe reshe mai suna The Momentary a tsohuwar masana'antar cuku da ke cikin gari, don ayyukan zamani da wasanni. A 2021 kuma aka sanar da cewa Safdie zai faɗaɗa babban ginin da kimanin rabin girmansa.

Tsaye a bakin tafkin da yamma, sai Esie ta faɗo mini a rai. Gidan adana kayan tarihi na farko a Nijeriya ba a Legas aka buɗe shi ba, a wannan ƙaramin gari ne da ke jihar Kwara ta yau, a 1945, domin kare ɗaruruwan mutum-mutumin dutse da aka samu a wurin. Esie ba ta sayi kayanta a gwanjo ba, ba ta ciro su daga bangon kowa ba, kuma ta riga Bentonville da shekara 66. Abin da Bentonville ta fi ta da shi a rubuce yake a takardun waƙafi da na dokar haraji, da kuma lissafin motar da ke zuwa ƙofar makaranta ta ɗauko yara. Irin waɗannan takardu ne ke bi ta teburin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi.

Da na hau lif na koma sama, motocin makaranta masu launin ɗorawa sun jeru kusa da itaciyar ƙarfen, malamai na ƙirga kawuna. Wata yarinya ta tsaya a ƙofar mota, ta ciro takardar da ta yi zane a kai, tana nuna wa direba.